Wanda Bai Yi Aiki Ba, Shin Wajibi Ne Ya Cike Takardar Harajin Kuɗin Shiga?

Wannan tambaya tana yawan fitowa daga bakin wanda aka sallama daga aiki, da ɗalibin da ya shafe shekara yana karatu, da uwar da ta zauna gida tana renon 'ya'ya, da kuma wanda rashin lafiya ta kwantar da shi. Akasarinsu sun riga sun ba kansu amsa tun kafin su tambaya, wato tun da babu albashi, babu abin da za a bayyana wa hukuma. Amsar tana yin daidai a wasu lokuta, amma ta sha jefa mutane cikin tara ko asarar kuɗin da haƙƙinsu ne, domin dokokin harajin kuɗin shiga suna duba abin da ya shigo hannun mutum a cikin shekara ne, ko da guminsa ya same shi ko yana zaune ya zo masa. Albashi hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin da kuɗi ke shigowa.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a riƙe tun daga farko, tsakanin cike takardar haraji da biyan haraji. Cike takarda bayani ne da mutum yake yi wa hukuma a kan abin da ya samu, biya kuwa sakamakon lissafin da ya biyo baya ne. Mutum yana iya zama wajibi ya cike takarda alhali ko kwabo ba a binsa, haka nan yana iya zama bai wajaba a kansa ba amma hukumar ce take riƙe da kuɗinsa, ba za ta sake su ba sai ya cike.

Abu na farko shi ne ka tantance wace ƙasa ce take da ikon tambayarka, da kuma wace shekara ake magana a kai. Mafi yawan ƙasashe suna ɗora haraji ne bisa zama, wato inda mutum yake da mazauni na dindindin ko inda ya shafe mafi yawan kwanakin shekara. Amurka ta fita daban, domin tana bin 'yan ƙasarta da masu katin zama na dindindin duk inda suke a duniya, kuma tana lissafa abin da suka samu a kowace ƙasa. Shekarar haraji ma ba iri ɗaya ba ce: a Amurka da Kanada da Jamus da Faransa tana farawa daga Janairu ta ƙare a Disamba, a Birtaniya daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilu na shekara mai zuwa, a Ostireliya kuwa daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda mutumin da ya ce ya yi shekara guda ba ya aiki, sau da yawa zaman nasa ya ratsa shekarun haraji biyu ne, kuma a cikin kowacce akwai 'yan watannin da ya karɓi albashi.

Bayan haka sai aikin da ya fi kowanne cin lokaci, wanda kuma a ganina shi ne ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya. Ka nemo bayanan asusunka na banki na watanni goma sha biyun nan, ka bi su layi bayan layi, ka rubuta duk kuɗin da ya shigo da kuma inda ya fito. Kada ka dogara da abin da ka tuna, domin wanda yake cikin matsin rashin aiki yakan tuna abin da ya kashe, ya manta ƙananan kuɗaɗen da suka shigo. Daga nan sai ka raba su gida biyu, waɗanda doka take ɗauka a matsayin kuɗin shiga da waɗanda ba ta ɗauka.

A gida na farko za ka sa kuɗin hayar gida ko fili, da kuɗin ruwan da banki ya ɗora a kan ajiya, da rabon ribar hannun jari, da ribar da aka samu wajen sayar da kadara ko hannun jari ko kuɗin intanet irin su Bitcoin, da fansho. Kuɗin sallama da ma'aikata ta ba ka ranar rabuwa ma yakan shiga lissafi, gaba ɗayansa ko wani ɓangare, gwargwadon dokar ƙasar. Albashin watan Disamba da aka biya a Janairu, a tsarin Amurka, na shekarar da aka karɓe shi ne. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne alawus ɗin rashin aiki. A Amurka gwamnatin tarayya tana ɗaukarsa kuɗin shiga cikakke, ana kuma aiko wa mai karɓa takarda mai lamba 1099-G da ke nuna jimillar abin da aka ba shi, kwafinta kuma yana hannun hukumar haraji ta IRS. A Birtaniya alawus ɗin masu neman aiki ana lissafa shi cikin abin da ake ɗora wa haraji, haka ma fanshon gwamnati, amma tallafin masu ƙaramin ƙarfi na Universal Credit ba a lissafa shi. Akwai wasu abubuwa biyu da marasa aiki suke yawan afkawa cikinsu a Amurka ba tare da sanin suna da alaƙa da haraji ba. Na ɗaya, idan banki ko kamfanin katin bashi ya yafe maka bashi, bisa ƙa'ida ana ɗaukar abin da aka yafe a matsayin kuɗin da ka samu, sai dai idan ka cika wasu sharuɗɗa kamar karyewar arziki. Na biyu, idan matsi ya sa ka ciri kuɗi daga asusun ajiyar ritaya, ana lissafa su cikin kuɗin shiga, kuma idan ba ka kai shekara 59 da rabi ba, galibi akwai ƙarin harajin kashi 10 cikin 100 a kansu.

A gida na biyu akwai rancen da ka karɓa, tun da biya za ka yi, da kuɗin da ka ɗebo daga ajiyarka ta da, da taimakon da 'yan'uwa suka turo maka. A Amurka kyauta da gado ba kuɗin shiga ba ne ga wanda ya karɓa, haka ma kuɗin ciyar da 'ya'ya da tsohon miji ko tsohuwar mata take biya, da tallafin SSI na tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Sai dai kyauta ko gadon da ya zo daga wani baƙo a ƙasar waje, idan ya haura dala 100,000 a shekara, wajibi ne a sanar da shi a fom mai lamba 3520, ko da yake ba a biyan haraji a kansa.

Idan ka haɗa jimillar gida na farko, sai ka gwada ta da iyakar da doka ta gindaya. Wannan iyaka tana aiki ne kamar nisabin zakka: abin da bai kai ta ba, ba a ɗora masa komai, kuma a ƙasashe da dama ba a ma buƙaci mai shi ya cike takarda ba. A Amurka, ga shekarar haraji ta 2024, iyakar ita ce dala 14,600 ga mutum ɗaya da bai kai shekara 65 ba, da dala 29,200 ga ma'aurata masu cikewa tare waɗanda dukansu ba su kai shekara 65 ba. Adadin yana canzawa kowace shekara, a 2023 ma dala 13,850 ne ga mutum ɗaya, saboda haka ka nemi na ainihin shekarar da kake lissafawa a shafin hukumar. A Birtaniya fam 12,570 na farko ba a ɗora musu haraji, a Ostireliya kuma dalar ƙasar 18,200. Wanda a Amurka ba shi da komai sai fanshon Social Security, yawanci ba ya buƙatar cikewa, domin wani ɓangare na kuɗin yana shiga lissafin haraji ne kawai idan rabinsa tare da sauran abin da mutum ya samu ya haura dala 25,000 ga mutum ɗaya, ko dala 32,000 ga ma'aurata masu cikewa tare.

Da a nan maganar ta tsaya, da ta yi sauƙi. Amma akwai sharuɗɗan da suke wajabta cikewa ko da jimillar ba ta kai ko kusa da iyakar ba, kuma su ne suka fi kama mutane. A Amurka, wanda yake da aure amma ya zaɓi ya cike tasa takardar shi kaɗai, iyakarsa dala 5 ce kacal. Ɗan da iyayensa suke sa sunansa a takardarsu a matsayin wanda suke ɗawainiya da shi, idan kuɗin da ya samu ba ta hanyar aiki ba, kamar kuɗin ruwa ko ribar hannun jari, ya haura dala 1,300 a 2024, sai ya cike tasa. Mafi girman tarkon kuwa shi ne na sana'ar kai. Duk wanda ribarsa daga aikin da ya yi wa kansa ta kai dala 400 a shekara, bayan ya cire abin da ya kashe, wajibi ne ya cike takarda.

A ɗauka ga wani mutum a Amurka da ba shi da aure, wanda bai karɓi albashi ko sau ɗaya ba a 2024. Ya karɓi alawus ɗin rashin aiki dala 9,000, ajiyarsa ta banki ta haifar da dala 300, sannan a tsakiyar shekara ya gyara wa wasu maƙwabta kwamfuta, ya kuma yi jigilar kaya na 'yan makonni ta wata manhaja, ribar duka ta zama dala 650. Jimillarsa dala 9,950 ce, ƙasa da 14,600 nesa ba kusa ba, kuma idan ka tambaye shi zai ce maka da gaskiyarsa bai yi aiki ba. Duk da haka dala 650 ɗin nan ta wuce 400, don haka dole ya cike fom 1040, wato babbar takardar harajin kuɗin shiga ta Amurka, tare da takardun sana'a. Harajin kuɗin shiga ba zai biya komai ba, amma zai biya harajin masu sana'ar kai, wanda shi ne gudummawarsa ga asusun fansho da na lafiyar tsofaffi, kashi 15.3 cikin 100 na mafi yawan ribar, wato kimanin dala 92. Kuɗin ba su da yawa, sai dai idan ya yi shiru, kamfanin manhajar yana iya aika wa hukuma bayanin abin da ya biya shi, tara da kuɗin ruwa su riƙa hawa a kan ɗan abin nan.

Birtaniya tana da makamancin wannan: wanda abin da ya shigo masa daga sana'ar kai ya haura fam 1,000 a shekara, kafin a cire abin da ya kashe, sai ya yi rajista da hukumar haraji ta HMRC. Akwai kuma wata ƙa'ida can da ya dace kowa ya sani. Idan hukumar ta aiko maka da sanarwar cewa ka cike takarda, to ta wajaba a kanka ko da ba ka samu ko sisi ba, kuma jinkirin kwana ɗaya yana jawo tarar fam 100, bayan wata uku kuma a fara lissafa fam 10 kowace rana. Wannan yana yawan faruwa ga wanda ya taɓa yin sana'ar kai ya daina bai sanar ba. Maganinsa shi ne ka tuntuɓi hukumar, ka shaida mata ranar da ka daina, ka nemi ta janye sanarwar. A Jamus, wanda ya yi aiki wani ɓangare na shekara sannan ya karɓi fiye da yuro 410 na alawus ɗin rashin aiki ko na jinya ko na renon jariri, wajibi ne ya cike, domin ko da yake ba a ɗora wa alawus ɗin haraji, ana amfani da shi wajen ɗaga ƙimar harajin sauran abin da ya samu. Faransa kuwa tana buƙatar kowane baligi mazaunin ƙasar ya bayyana halinsa kowace shekara, ko ya samu ko bai samu ba.

Ɗaliban ƙasashen waje da ke karatu a Amurka da bizar F ko J suna da nasu nauyin, domin ana buƙatar su cike fom 8843 a shekarun farko na zamansu ko da ba su samu komai ba. Wanda kuma gwamnati ta biya masa wani ɓangare na kuɗin inshorar lafiya tun kafin ƙarshen shekara, dole ya cike takarda tare da fom 8962 don a daidaita lissafi, in ba haka ba tallafin nasa na gaba yana iya tsayawa. Haka nan ɗan Amurka ko mazauninta da yake da asusun banki a wata ƙasa, idan jimillar abin da ke cikin asusunan ta taɓa haura dala 10,000 ko na rana ɗaya, akwai rahoto na dabam da zai aika, wanda ba ruwansa da aiki ko rashinsa.

To, idan ka bi duk waɗannan ka ga babu wanda ya shafe ka, doka ba ta tilasta maka ba. Amma shawarata ga mafi yawan mutane ita ce su cike duk da haka, kuma dalilin farko kuɗi ne tsagwaronsa. Tsarin cire haraji daga albashi yana aiki ne bisa zaton cewa ma'aikaci zai ci gaba da karɓar albashin har ƙarshen shekara. A ɗauka wata mata a Ingila tana karɓar fam 2,500 a wata, ta yi aiki daga Afrilu zuwa Yuni, sai aikin ya ƙare. Kowane wata an bar mata kusan fam 1,048 ba haraji, an cire kashi 20 cikin 100 daga sauran, wato kimanin fam 290, a wata uku kusan fam 870. Amma abin da ta samu a shekarar gaba ɗaya fam 7,500 ne, bai kai 12,570 ba, saboda haka duk abin da aka cire nata ne. Idan ta yi mako huɗu ba ta aiki kuma ba ta karɓar alawus mai haraji, tana iya neman kuɗin da fom P50, tana amfani da bayanan takardar P45 da ma'aikatar ta ba ta ranar rabuwa, ba sai ta jira ƙarshen shekara ba. A Amurka babu wata hanyar karɓo irin wannan kuɗi sai ta cike takardar haraji, kuma wa'adin shekara uku ne daga ranar da ya kamata a cike, bayan haka kuɗin ya zama na baitulmali. A Birtaniya da Jamus wa'adin shekara huɗu ne.

Dalili na biyu shi ne tallafin da gwamnatoci suke rabawa ta hanyar takardar haraji. Kanada ce misali mafi bayyana: kuɗin tallafin yara da rangwamen harajin sayayya ana lissafa su ne daga takardar da mutum ya cike, kuma dole miji da mata kowanne ya cike tasa kowace shekara ko da babu abin da ya samu, in ba haka ba biyan ya tsaya. A Amurka, mutanen da ba su karɓi tallafin annobar korona na 2021 ba sun samu damar nemansa ta takardar harajin shekarar har zuwa 15 ga Afrilu 2025, wanda ya bari ranar ta wuce kuwa ya rasa. Wasu ɗaliban jami'a suna iya karɓar har dala 1,000 daga rangwamen kuɗin karatu ko da ba a binsu haraji. Sai dai kada wani ya ruɗe ka da batun rangwamen masu ƙaramin albashi na EITC, domin sharaɗinsa shi ne samun kuɗi ta hanyar aiki, kuma alawus ɗin rashin aiki ba ya cikin wannan. Duk mai cike wa mutane takarda da ya ce zai rubuta maka sana'ar da ba ka yi ba don ka samu wannan kuɗi, ka guje shi, saboda sa hannunka ne a kan takardar, kai za a tuhuma.

Akwai kuma amfanin da ba a ganinsa nan take. Takardar haraji ita ce shaidar da ake nema wajen neman rancen gida, da tallafin karatu, da ɗaukar nauyin ɗan'uwa a harkar shige da fice, kuma giɓin shekara guda yakan jawo tambayoyi masu wuyar amsawa bayan lokaci ya ja. A Amurka, wa'adin shekara uku da hukuma take da shi na bincikar lissafin mutum ba ya fara ƙirguwa sai an cike takarda, shekarar da ba a cike ba kuwa tana nan a buɗe. Wanda ya yi asara a hannun jari, takardar ce take tabbatar da asarar, ta ba shi damar rage ta daga ribar shekaru masu zuwa, da kuma har dala 3,000 a shekara daga sauran kuɗin shigarsa. Ma'aurata a Amurka, idan ɗaya yana aiki ɗayan ba ya yi, yawanci cikewa tare ta fi musu sauƙi, amma kowannensu ya karanta takardar kafin ya sa hannu, domin alhakin abin da ke cikinta yana kan su biyun.

Wajen cikewar kanta, wanda bai yi aiki ba aikinsa kaɗan ne. Ka tanadi lambar shaidarka ta haraji, da takardun da banki da ofishin alawus da asusun fansho suka aiko, da rasiɗan abin da ka kashe idan ka taɓa 'yar sana'a, da lambar asusun da za a turo maka kuɗi. Ka yi amfani da shafin hukumar kai tsaye, kada ka bi wata hanya da aka turo maka ta saƙon waya ko imel da sunan za a maido maka kuɗi, domin 'yan damfara sun fi farautar mutane a daidai wannan lokaci. A Amurka masu ƙaramin ƙarfi suna iya cikewa kyauta ta shirin Free File, ko su je wurin masu aikin sa kai na shirin VITA. A Ostireliya, wanda ba ya buƙatar cikewa akwai 'yar gajeriyar sanarwa da yake aika wa hukuma cewa bana ba shi da abin bayyanawa, don kada a sa shi cikin jerin waɗanda suka ƙi cikewa. Ranakun ƙarshe kuwa su ne 15 ga Afrilu a Amurka, 30 ga Afrilu a Kanada, 31 ga Maris a Najeriya, 31 ga Oktoba a Ostireliya, sannan a Birtaniya 31 ga Oktoba ga mai cikewa a takarda da 31 ga Janairu ga mai cikewa ta intanet.

Idan lissafi ya nuna ana binka kuɗi kuma ba ka da abin biya, wanda abu ne mai yiwuwa ƙwarai ga wanda ba ya aiki, kada tsoro ya sa ka ƙi cikewa. A Amurka tarar rashin cikewa kashi 5 cikin 100 ce na abin da ake binka a kowane wata, har ta kai kashi 25, alhali tarar jinkirin biya rabin kashi ɗaya ce kawai a wata. Ka cike a kan lokaci, ka biya abin da ya samu, sannan ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan, hukumomin Amurka da Birtaniya duka suna da wannan tsari. Neman ƙarin lokaci zuwa 15 ga Oktoba da ake yi a Amurka na cikewa ne kawai, ranar biya tana nan a Afrilu.

Wanda kuma ya gano cewa akwai shekarun baya da ya kamata ya cike bai cike ba, ya fara da tsohuwar shekarar da wa'adin karɓo kuɗinta bai wuce ba, ya yi amfani da fom da iyakar kowace shekara daban, domin adadin bana ba ya aiki a kan shekarun baya. Idan takardunsa sun ɓace, yana iya neman hukumar ta ba shi kwafin bayanan da ma'aikatu da bankuna suka aika mata da sunansa. Idan kuwa bayan duk wannan bincike ka yanke shawarar cewa ba za ka cike ba saboda babu sharaɗin da ya hau kanka, to ka ajiye lissafin da ka yi tare da bayanan bankin na wannan shekara aƙalla shekara shida, ka rubuta a kai iyakar da ka gwada da ita da ranar da ka duba ta, domin idan wasiƙar tambaya ta zo daga baya, da su za ka ba da amsa.